Darasi na 9: Gurbi ɗaya mai ɗaukar abubuwa da yawa

A teburin rumbun bayanai, kowane gurbi abu ɗaya yake ɗauka: suna ɗaya, lamba ɗaya. To, a ce ƙungiyar manoma ce ke rajistar 'ya'yanta, ga manomi yana noma gero da dawa da wake. Ina za a zuba ukun? Rumbun bayanai na PostgreSQL yana da gurbi mai ɗaukar jeri (array), kuma Ruby on Rails, tsarin gina manhajojin yanar gizo, ya san da shi tun fitowa ta 4, a 2013. Rumbunan MySQL da SQLite ba su da irinsa, don haka ku fara duba wane rumbu ne a hannunku.

A fayil ɗin sauya tebur ku rubuta:

add_column :farmers, :crops, :string, array: true, default: [], null: false

Sai ku ba da umarnin rails db:migrate.

Kada ku raina default: []. Shi ke sa wa kowane manomi jeri, ko da babu komai a ciki. In babu shi, null: false zai hana sauyin tafiya muddin akwai tsofaffin sunaye a teburin. In kuma kun cire duka biyun, gurbin zai zauna wayam, ranar da kuka zo ƙara masara a ciki manhaja ta tsaya cik.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne fom. A inda ake tace abin da fom ya aiko (controller), dole a rubuta permit(crops: []). Wanda ya rubuta permit(:crops) zai ga an adana manomi lafiya lau, amma amfanin gonarsa ya ɓace, shafin kuma bai yi ƙorafi ba. Akwatin zaɓi da yawa shi ma yakan haɗo da rubutu marar komai a farkon jerin; a tace shi da reject(&:blank?).

Neman masu noma gero:

Farmer.where("crops @> ARRAY[?]::varchar[]", ["gero"])

Wannan ::varchar[] ba ado ba ne, in an bar shi rumbun zai ce nau'in bai dace ba. Idan teburin ya girma, a ƙara add_index :farmers, :crops, using: :gin, nema ya yi sauri.

Amma fa rumbun ba ya tantance abin da ke cikin jeri: "wake" da "waake" duk karɓa zai yi. Idan kowane amfani yana da farashi ko yawan buhu, tebur na daban ya kamace shi.

Aikin gida: ku ƙara wa teburin gurbin lambobin waya. Me ya sa :string ya fi dacewa da lambar da ta fara da 0?