Yadda Ake Auna Batun Ko Mangolawa Za Su Iya Cin Turai

Wannan batu kan iya faɗowa a muhawarar makaranta ko a ajin tarihi, kuma yawanci gardamar tana tsayawa kan wa ya fi wa jarumta. Wanda aka ba batun ya shirya, ga hanyar da za ta fisshe shi.

Fara da kafa iyaka. Wace shekara ake magana, kuma me ake nufi da "ci"? Kai hari a kwashe ganima daban, karɓar haraji duk shekara daban, zama a yi mulki daban. Shekarar da ta dace ita ce 1241, lokacin da rundunar Batu, jikan Jangis Khan wanda ya kafa daular Mangol, da babban kwamandansa Subutai suka shiga Foland da Hungari bayan sun ci Kiyef a Disambar 1240. In ba a yanke wannan tun farko ba, kowane ɓangare zai yi ta kawo hujja kan tambayar da ba ita ɗan uwansa ke amsawa ba.

Maganar fagen fama kada ta cinye maka lokaci, don an riga an gwada. A ranar 9 ga Afrilu 1241 Mangolawa suka murƙushe rundunar Foland a Legnika, suka kashe shugabanta Henri na Biyu. Kwana biyu kacal bayan haka wata rundunar tasu ta tarwatsa sojojin Sarkin Hungari Bela na Huɗu a Mohi. Rundunoni biyu, ɗaruruwan kilomita tsakaninsu, amma shiri ɗaya suke bi. Ga kuma Turai a rarrabe: Sarki Firedirik na Biyu, mai mulkin Jamus da kudancin Italiya, da Fafaroma Giregori na Tara suna ta rikici da juna. Mai kare ɓangaren Turai ya sallama wannan, ya adana ƙarfinsa don gaba.

Gaban shi ne lissafin ciyawa, kuma nan ne ake gane wanda ya yi shiri. Rundunar Mangol a tsare take goma-goma: goma, ɗari, dubu, sai dubu goma da suke kira tumen. Kowane mayaƙi na tafe da dawaki uku zuwa biyar yana sauyawa. Ɗauki biyar, tumen ɗaya ya zama dawaki 50,000. Doki kan ci busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana, ƙaramin dokin Mangol mai nauyin kilo 300 ke nan yana buƙatar wajen kilo 6. Ninka: tan 300 kowace rana ga tumen ɗaya. In ka ɗauki tumen huɗu a matsayin misali, tan 1,200 ne, ban da ruwan sha, ban da tumakin da sojojin ke ci. Duk wanda ya taɓa riƙe doki ko ɗaya don hawan sallah ya san abin da harawa da dusa ke yi wa aljihu, to waɗannan ba sayen harawa suke ba, ƙasar da suka sauka ce dole ta ciyar da dabbobin.

Sai ka buɗe taswira. Filin Hungari shi ne ƙarshen doguwar makiyayar da ta taso tun daga Mangoliya. Daga nan yamma sai dazuzzukan Jamus, duwatsun Alfs, fadamu da gonaki. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ce daji kaɗai ya isa ya tare su. Ai arewacin Rasha ma daji ne, kuma sun ci Riyazan a ƙarshen 1237 da Biladimir a farkon 1238, da hunturu, suna bin ƙoramun da suka daskare kamar titi. Abin da ya dace ka ce shi ne daji ba ya hana shiga, zama yake hanawa.

Daga nan ka koma kan ganuwa. A farkon 1242 sun ƙetare kogin Danub da ya daskare, suka ci garin Estargom na Hungari, amma fadar dutsen da ke kan tudu ta gagare su. Haka ganuwar Kilis a Kuroshiya, inda suka bi sawun Bela. Garuruwan da suka faɗi da sauri yawanci katangarsu ta katako ce da ƙasa. Bela ya ɗauki darasi, ya cika ƙasarsa da ganuwoyin dutse, kuma da Mangolawa suka dawo a 1285 ƙarƙashin Nogai da Talabuga, sun koma da asara mai yawa.

Kada ka tsaya nan, don abokin hamayya mai wayo zai jefo maka ƙasar Sin. Birnin Shiyangyang na daular Song ta kudancin Sin ya yi tsayin daka daga 1268 zuwa 1273, har sai da babban sarkin Mangol Kubilai Khan ya sa aka kawo masa injiniyoyi Musulmi daga Farisa suka ƙera manyan majaujawa masu jifa da dutse. Bagadaza kuwa makonni kaɗan ta yi a gaban Hulagu, ƙanin Kubilai, a 1258. Sun iya karya ganuwa. Amsarka ita ce lokaci da nisa: daular Song ta ci musu shekara arba'in da ɗoriya kafin ta faɗi a 1279, alhali tana maƙwabtaka da su kuma suna da sojojin ƙasa na Sinawa birjik. Hungari kuwa kusan kilomita 6,000 take daga Karakorum, babban birninsu.

Wannan ya kawo mu ga gadon sarauta. Babban sarkin Mangol Ogedei Khan ya mutu a Disambar 1241, Batu ya janye a farkon 1242. Littattafai da yawa na cewa ya koma ne don zaɓen sabon sarki. Yi hattara da wannan hujja: Batu bai je Mangoliya ba, a bakin kogin Bolga ya tsaya, kuma sai 1246 aka naɗa Guyuk, ɗan Ogedei. Wani binciken zoben da ke cikin gindin itatuwa, wanda ke nuna yanayin kowace shekara, da aka buga a 2016 ya danganta janyewar da sanyi da damshin da suka mai da filin Hungari laka, ko da yake wasu masana sun musa. Ka jero dalilan tare, kada ka rataya komai a wuyan ɗaya. Abin da ba a musu a kai shi ne rabuwar gidan Jangis Khan: babban sarki Mongke ya mutu a 1259, Mamalikan Masar suka doke su a Ainu Jalut a Satumbar 1260, zuwa 1262 kuma Berke, ƙanin Batu wanda ya musulunta, yana yaƙi da ɗan uwansa Hulagu.

Wajen yanke hukunci, raba Turai uku. Foland da Hungari: ƙwarai, za a iya mai da su masu biyan haraji kamar yadda aka yi wa sarakunan Rasha fiye da shekara ɗari biyu. Jamus, Faransa da arewacin Italiya: hari da ɓarna mai yiwuwa ne, amma mallaka na buƙatar shekara ashirin ko talatin na yaƙin ganuwa da gida a haɗe, wanda bayan 1260 babu shi. Ingila sai da jiragen ruwa, kuma yadda ta kaya musu a Japan a 1274 da 1281, inda hare-harensu ta teku suka ci tura, ya isa hujja.