Yadda na gyara kunshin Varnish da ya ƙi tashi a Debian

Na haɗa kunshin .deb (tsarin kunshin manhaja na Debian) na Varnish, sabar da ke ajiye kwafin shafuka don saurin buɗewa, tare da kayan aikinta irin su varnishlog da varnishstat. A kwamfutar da na gina shi, lafiya lau. Da na saka shi a sabuwar saba kuwa, varnishd, babban shirin Varnish, ya ƙi tashi, tashar 6081 da yake saurare shiru.

Ashe Varnish ba ya aiki da fayil ɗin VCL, wato fayil ɗin saitinsa, kai tsaye. Yana mayar da shi lambar C ne, ya kira gcc, manhajar harhaɗa lambar C, ya harhaɗa, sannan ya loda sakamakon. Shi kuwa dh_shlibdeps, mai gano abubuwan da kunshi ya dogara da su, laburaren da aka haɗa da shirin kaɗai yake ganowa, ba ruwansa da shirye-shiryen da ake kira lokacin aiki. Kwamfutata tana da gcc tun tuni, shi ya sa matsalar ta ɓuya.

Sai na ƙara gcc da libc6-dev (fayilolin da harhaɗa C ke buƙata) a layin Depends, jerin abubuwan da kunshin ke buƙata, cikin fayil ɗin debian/control, na sake ginawa da sbuild, manhajar gina kunshi, na gwada a Debian tsirara wadda ba a ƙara mata komai ba. Ya tashi nan take.

Af, a duba kada /var/lib/varnish ya kasance a faifan da aka ɗora da noexec, saitin da ke hana gudanar da shiri daga faifan, don can ma lodawar za ta cije.