Kafin Ka Bar Android Ka Koma iPhone, ko Ka Dawo: Abin Dubawa da Yadda Ake Kwashe Kaya

Sana'ata ke nan a ɗan shagona a Kano: mutum ya zo da waya biyu, tsohuwa da sabuwa, ya ce in kwashe masa kayansa daga wannan in zuba a waccan. Daga Tecno zuwa Infinix, ko daga Samsung zuwa Redmi, ba wata wahala, duk Android ce ke tafiyar da su. Wuyar tana wajen tsallakawa daga Android zuwa iPhone ko daga iPhone zuwa Android. Asarar da ta fi ba ni tausayi kuwa tun a kasuwa ake yin ta: mutum ya miƙa tsohuwar wayarsa ya yi ciko ya karɓi sabuwa, a goge tsohuwar a gabansa, sannan ya zo yana tambaya ina hirarrakinsa na WhatsApp da hotunan 'ya'yansa. Ba a miƙa makullin tsohon gida kafin a kwashe kaya. Ko da ciko za ka yi, ka yi sharaɗi da mai shago cewa wayoyin biyu za su zauna a hannunka har a gama.

Amma kafin nan, ka tabbata ma sauyin zai amfane ka.

Me wayarka take yi maka a wuni?

Ɗauki biro ka rubuta abin da kake yi da waya daga asuba zuwa kwanciya. Wannan takardar ita za ta zaɓa maka, ba hirar majalisa ba.

Abu na farko da nake tambayar kowa shi ne layuka nawa yake riƙewa. Yawancinmu biyu ne, ɗaya na kira ɗaya na data, ko ɗaya na kasuwa ɗaya na gida. Tecno, Infinix da Itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na China ne ke ƙera su, kusan dukkansu suna ɗaukar sim biyu. iPhone kuwa, tun daga XS da XR na 2018, tana ɗaukar sim ɗaya na roba da ɗaya na eSIM, wato layin da ake ɗora shi a cikin wayar ba tare da kati ba. Waɗanda aka yi wa kasuwar China da Hong Kong galibi suna da gurbin sim biyu na roba, shi ya sa ake nemansu. Abin da ya kamata ka yi hattara da shi: iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka, tun 2022, ba su da gurbin sim kwata-kwata. MTN da Airtel suna ba da eSIM, sai ka je ofishinsu a mayar maka da layinka. Yana aiki lafiya, sai dai ranar da caji ya ƙare ko wayar ta faɗi ta mutu, ba za ka iya zare sim ka sa a ƙaramar waya ka ci gaba da karɓar kira ba. Ga ɗan kasuwan da kuɗinsa ke shigowa ta layi ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu batir. Da kuɗin da za ka sayi iPhone 11 ta hannu, wadda ta fito a 2019 da batir mai kimanin 3,110mAh, za ka iya samun sabuwar Android a kwali mai 5,000mAh. Gaskiya ne iPhone ta fi iya tattalin wuta, don haka ba a auna su da lamba kaɗai. Amma batirin da ya yi shekaru yana aiki ya riga ya gaji. In unguwarku tana kwana ba wuta, ka sa kuɗin fawa bank da na canjin batir a cikin lissafin iPhone ɗin tun yanzu.

Sai ƙananan abubuwan da ba a tunawa da su sai an rasa. iPhone ba ta da gurbin memori, abin da ka saya da shi za ka zauna, don haka mai tara wa'azi da bidiyon biki kada ya sayi mai 64GB. Ba ta da rediyon FM, mai sauraron labarai da safe sai ya ƙona data. Ramin iyafis ya tafi tun iPhone 7 a 2016. Cajarta ma daban ce: Lightning har zuwa iPhone 14, sai daga iPhone 15 ta 2023 aka koma USB-C irin ta sauran wayoyi. Kuma abin nan da muka saba, aboki ya turo maka manhaja ta Xender ka danna ta hau, ba ya yiwuwa a iPhone. Hoto da bidiyo suna wucewa, manhaja kuwa sai daga App Store. Duk manhajar da ka biya kuɗi ka saya a Play Store, sai ka sake biya a can.

Mai rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ya kwantar da hankalinsa: Gboard a Android yana da Hausa, iPhone ma ta samu allon rubutun Hausa daga iOS 17 (iOS shi ne tsarin da ke tafiyar da iPhone).

To me iPhone ta fi? Bidiyonta. Matar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta a Instagram da TikTok, wadda kalar kaya da tsabtar hoto ke jawo mata ciniki, ina ba ta shawarar iPhone ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Tana kuma riƙe darajarta in an tashi sayarwa, kuma Apple na daɗewa yana aiko mata da sabuntawa fiye da ƙananan wayoyin Android. A manyan Android an cike wannan giɓi: Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara 7. Sai dai daɗewar tana da iyaka. iOS 26 da ta fito a 2025 ta bar XR da XS a baya, daga iPhone 11 ta fara. A shekarar kuma WhatsApp ya daina aiki a iPhone 6 da 5s. Kada arha ta ja ka ka sayi wayar da ke bakin ƙofar fita.

Ni dai a ganina, wanda wayarsa ta kira ce da WhatsApp da tura kuɗi, ga layi biyu ga ƙarancin wuta, ya zauna a Android ya sayi mai kyau. Wanda kyamara ce jarinsa, ya tsallaka.

In ta hannu za ka saya

Kada ka biya sai ka duba waɗannan da idonka. Shiga saitin wayar ka ga babu asusun iCloud na kowa a samanta, wato asusun Apple da ke ɗaure wayar da mai ita, yake kuma ajiye masa kayansa a intanet. In da hali a goge ta a gabanka a sake kunnawa. Idan ta nemi imel da kalmar sirrin tsohon mai ita, ajiye ta, domin wannan kullen ba ya buɗuwa sai da shi, kuma wataƙila ta ƙwace ce. A sashen batir akwai Battery Health, mai nuna lafiyar batirin. Abin da ya yi ƙasa da kashi 80 batirin na neman canji. A sashen About ka nemi Carrier Lock, ya zama an rubuta No SIM restrictions, in ba haka ba wayar a ɗaure take da wani kamfanin waje. A nan dai za ka ga tarihin gyara, inda take fallasa in an sa mata sikirin ko batir da ba na asali ba. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin saitin, ka sa layinka ka yi kira, ka karɓi rasit.

Asusun Apple kuma ka buɗe da kanka, da imel ɗinka da lambarka. Don Allah kada ka bari yaron shago ya sa maka nasa don a saukar maka da manhajoji da sauri. Duk ranar da wayar ta nemi kalmar sirri kuma ba ka same shi ba, kai da wayarka sai kallo.

Daga Android zuwa iPhone

Shiri ya fi aikin kansa muhimmanci. Da farko ka tabbata ka san kalmar sirrin Gmail ɗinka da ta Facebook. Mutane da yawa wani ne ya buɗe musu shekarun baya, ba su taɓa rubuta ta ba. Ka canza ta yanzu da tsohuwar wayar ke hannunka, ka rubuta a takarda ka adana a gida. Sannan ka duba inda lambobin mutane suke: waɗanda ke kan sim ko cikin wayar, ka mayar da su asusun Google. In ka yi haka, ko komai ya ƙi, da ka sa Gmail ɗinka a iPhone lambobin za su dawo.

Maganar WhatsApp ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Ajiyar da WhatsApp ke yi maka a Google Drive ba ta buɗuwa a iPhone, haka ta iCloud ba ta buɗuwa a Android. Hanyar da kamfanin ya buɗe tun 2022 ita ce ta manhajar Move to iOS, kuma tana da sharuɗɗa: lamba ɗaya za ka ci gaba da amfani da ita, WhatsApp ɗin ya zama na asali kuma sabo, iPhone ɗin kuma ta zama ba a saita ta ba tukuna. In ka riga ka fara amfani da ita, sai an goge ta an dawo farko. Masu GBWhatsApp da ire-irensa, wato WhatsApp ɗin da ba na asali ba, wannan hanya ba ta san da su ba. Abin da ke da muhimmanci, kamar lissafin bashi da rasit, ka tura wa kanka ta imel tun da wuri.

Ga yadda ake yi. Sauke Move to iOS daga Play Store. Jona wayoyin biyu a caji, ko a fawa bank in ba ka amince da wutar ba. Kunna Wi-Fi a Android ɗin ka kashe data. Kunna iPhone ka bi matakan farko har ka iso inda take tambayar daga ina za a ɗauko kaya, ka zaɓi Android. Za ta nuna lamba mai 6 ko 10, ka shigar da ita a Android ɗin. Ka zaɓi abin da kake so: lambobi, saƙonni, hotuna, WhatsApp. Daga nan ka janye hannunka. Kiran waya ɗaya ko buɗe wata manhaja na iya katse aikin a koma farko, shi ya sa nake zare sim kafin in fara. Ko Android ta ce ta gama, ka jira sai layin da ke tafiya a fuskar iPhone ya cika. Bayan nan ka mayar da sim, ka sauke WhatsApp daga App Store, ka shiga da lambarka, hirarrakin za su bayyana.

Karatun Alƙur'ani da wa'azozi da littattafan PDF da ke cikin memori, waɗannan da hannu ake kwashe su, ta kwamfuta ko Google Drive ko Xender. Ka lura kuma Google na ba da ajiyar 15GB kyauta, iCloud kuwa 5GB ne kacal, yana cika nan da nan. Google Photos na aiki a iPhone, ba dole ba ne ka rabu da shi.

Daga iPhone zuwa Android

Kafin ka zare sim, kashe iMessage da FaceTime, wato saƙo da kiran da masu iPhone ke yi a tsakaninsu, a saiti. In ka manta, saƙon da masu iPhone za su turo maka zai riƙa tafiya tsohuwar wayar. Kana buƙatar wayar caja mai Lightning a kai ɗaya da USB-C a ɗayan, ko USB-C duka biyu in iPhone 15 ce zuwa sama. Samsung na da manhajarsa ta kwashe kaya, Smart Switch. Sauran kuma, daga Android 12, suna tambaya lokacin saitin farko ko za a kwafo daga tsohuwar waya. Idan aka zo kan WhatsApp, sabuwar wayar za ta nuna alamar QR ka ɗauka da iPhone ɗin. Ka gwada wannan matakin a shago kafin ka biya, don ka ga wayar da ka zaɓa tana nuna shi.

Hotuna na da tarko ɗaya. Idan iPhone ɗinka tana rage girman hotuna don tattalin wuri, na ainihin suna iCloud, waya ba za ta kwafo su cikakku ba. Ko dai ka sauke su duka tukuna, ko ka shiga privacy.apple.com ka nemi a tura kwafinsu zuwa Google Photos, abin da kan ɗauki kwana 3 zuwa 7.

Banki, sannan gogewa

Manhajojin banki ba sa bin ka da kansu. Ka sauke kowace a sabuwar wayar, ka shiga, ka karɓi lambar tabbatarwa da za a turo layinka, ka yi ɗan ƙaramin tiransifa ka ga ya wuce. Wasu za su nemi lambobin katin ATM ko hoton fuska, don haka katin ya kasance kusa. In wata ta ƙi, lambobin USSD na aiki a kowace waya kafin ka je banki. Mai amfani da Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambobin shiga asusu, ya kwashe lambobinsa ta QR ɗin da ke cikin manhajar tun tsohuwar na raye. Ka kunna lambar sirri mai 6 ta WhatsApp in ba ka da ita.

Ka bar tsohuwar a aljihun tebur na ɗan lokaci kana aiki da sabuwa, domin abin da aka manta a hankali yake fitowa. In za ka sayar ko ka ba ƙaninka, a Android ka fara cire asusun Google sannan ka goge, in ba haka ba za ta kulle a hannun wanda ya karɓa tana neman imel ɗinka. A iPhone ka kashe Find My, mai nemo wayar in ta ɓata, ka fita daga iCloud, sannan ka goge komai. Ka zare memori da sim kafin ta bar hannunka, kuma ka tsaya ka ga ta kunnu a kan fuskar maraba, babu sunanka a ciki.