Idan tuwo ya fara tsayawa a ƙirji

Da Baba ya fara ture kwanon tuwo yana cewa a dama masa koko, mun ɗauka tsufa ne. Sai ranar da na ga ya haɗiye loma ya dafe ƙirji, ya yi ta kurɓar ruwa kafin ta wuce. Maƙwabta a nan Daura suka ce beli ne, a kira wanzami. Idan wani naka ya fara haka, don Allah kada ka yarda. Beli a baki yake, ido na ganinsa. Hanyar abinci kuwa ta kai kusan santimita 25 daga maƙogwaro zuwa tumbi, aska ba ta isa can.

Abin da za ka roƙi likita ya rubuta shi ne endoskofi. Siririn tiyo ne mai fitila da kyamara a kai, ta baki ake zura shi. Na Baba ya nuna ɗan ƙari kamar ƙwayar gyaɗa, kwance ƙarƙashin fatar hanyar. Likita ya ce irinsa ba kasafai ake gani ba, kuma ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Sai an kai shi ɗakin gwaji ake sanin ko wane iri ne.

Idan ƙarin ƙarami ne kuma bai nutse cikin tsoka ba, ta wannan tiyon ake cire shi, ba a tsaga ƙirji. Ana yi masa allurar ruwa a ƙasa ya taso, sai a zarge shi da waya mai lantarki a yanke. Akwai kuma dabarar feɗe shi a hankali da 'yar wuƙa, wadda likitocin Japan suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1990. Ba kowane asibiti ke da kayan ba, don haka ka tambaya kafin ka kama hanyar Kazaure zuwa Kano.

Shirin na mai jinya ne. Ka zuba duk magungunan mara lafiyar a leda ka nuna wa likita tun da sauran kwanaki, musamman asfirin da sauran masu tsinka jini, da na ciwon suga. Kada ka tsayar da ko ɗaya da kanka. Daga nan sai azumi na aƙalla awa 6, yadda aka faɗa maka. A nan na sha fama, domin da asuba na tarar da Inna ta riga ta dama kunu.

"Inna, ki yi haƙuri, ko cokali ɗaya ya sha an fasa aikin."

Idan yana da haƙoran roba a cire. Ka zauna ka jira shi, domin wanda aka yi wa allurar barci ba ya tuƙa mota ko babur ranar.

Bayan aiki aka ce ruwa tukuna, sannan kunu mai ɗumi, ba mai zafi ba. Yaji da ƙanzo da kilishi sai likita ya ba da izini. Ɗan ciwon maƙogwaro ba komai ba ne. Amma idan ka ga zazzaɓi, ko ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi na sarƙewa, ko aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, ku koma asibiti ko da tsakar dare ne, domin wurin na iya hujewa ko ya zubar da jini.

Ka koma ka karɓo sakamakon gwajin da hannunka. Idan bayan makonni loma ta sake tsayawa, ka faɗa wa likita, wataƙila tabo ne ya matse hanyar, kuma da tiyon nan ake buɗe ta.