Yadda Ake Tsara Tafiyar Rukuni a Shafukan Shirya Balaguro

Shafukan shirya tafiye-tafiye sun daɗe da wuce matsayin wurin karanta ra'ayoyin baƙi game da otal. Tripadvisor, wanda aka kafa a shekarar 2000, ya ƙaro a 2018 da sashen da mutum zai riƙa bibiyar abokansa yana ganin wuraren da suka yaba, yanzu kuma manhajoji irin su Wanderlog suna ba mutane da dama damar gyara jadawalin tafiya guda a lokaci ɗaya. Sai dai amfanin waɗannan sababbin abubuwa ya dogara ne ga abin da aka fara da shi, domin rukunin da ya shiga zaɓen wuraren shaƙatawa tun kafin ya tsayar da rana da kuɗi yakan shafe makonni ana ja-in-ja.

Da farko, mutum ɗaya ya buɗe tafiyar, ya rubuta ranar tashi da ta dawowa, sannan ya aika wa sauran gayyata. Shafuka da yawa suna bambanta mai ikon gyarawa da mai ikon dubawa kawai, kuma a ganina bai kamata masu gyarawa su wuce biyu ko uku ba. Idan kowa ya sami ikon gogewa da sauyawa, za a wayi gari an rasa wanda ya cire ziyarar da aka riga aka amince da ita.

Batun kuɗi shi ne na biyu, kuma a nan ne ya fi dacewa a tsaya a yi magana a fili, ko da kuwa wasu za su ji nauyi. A yarda da iyakar abin da kowa zai iya kashewa kan masauki da sufuri, a rubuta shi inda kowa zai gani. Manhajar Splitwise, da sassan lissafi makamantanta da wasu shafukan suka shigar, tana karɓar bayanin wanda ya biya da waɗanda aka biya wa, ta fitar da abin da kowa ke bi ko ake binsa. Tana aiki daidai ne kawai idan an shigar da kowane kashe kuɗi. Idan tafiyar za ta ratsa ƙasashe masu kuɗi daban-daban, a zaɓi kuɗi guda da za a yi lissafin ƙarshe da shi tun kafin a tashi.

Bayan haka ne ake zuwa ga wurare. Kowa ya zuba abin da yake so a jeri ɗaya, kamar jerin da Google Maps ke bari a raba, a ba da wa'adin jefa ƙuri'a, wa'adin na cika a rufe. Daga nan a dubi taswira a haɗa wuraren da ke kusa da juna a yini ɗaya, a bar sarari tsakaninsu, tun da rukuni bai taɓa saurin mutum ɗaya ba.

Tikitin jirgi da takardar kama ɗaki kuwa, TripIt yana jera su da kansa idan aka tura masa saƙon imel na tabbatarwa. A lura cewa lokutan da ke kan tikiti na garin tashi ne da na garin sauka, kowanne da agogonsa.

Kafin ranar tafiya, kowa ya sauke taswirar wurin a wayarsa saboda inda babu intanet, tare da sanin cewa taswirar Google Maps da aka sauke tana nuna hanyar mota ne, ba ta bas ko jirgin ƙasa ba. A kuma duba cewa jadawalin ba a buɗe yake ga jama'a ba, domin yana bayyana ranakun da gidajenku za su kasance babu kowa. Hoton takardar shiga jirgi ma kada a ɗora shi a sashen da baƙi ke gani, saboda lambar da ke jikinta tana ɗauke da sunan fasinja da bayanan tikitinsa.