Yadda zaka tayar da mataccen tocilan da batirin laftof, da kayan aikin da ake buƙata

Kusan kowane gida a ƙauyukanmu akwai tocilan mai caji guda biyu ko uku da suka mutu an jingine su a bakin taga, an ƙi zubarwa kuma an kasa gyarawa. To yawancinsu ba wani abu ne ya samesu ba, batir ne kawai. Irin tocilan ɗin nan da ake tsirawa a soket kai tsaye, abinda ke cikinsu ɗan ƙaramin batiri ne mai bolt 4 dangin na mashin, kuma shi wannan batir abinda ya tsana a duniya shine a shanye shi tas a barshi kwana da kwanaki ba caji, mu kuwa nan haka abin yake, NEPA ta kawo yau sai kuma wani satin, wasu garuruwan ma turakun ne kawai a tsaye. Ƙwayayen fitilar lafiyarsu lau, makunni lafiya, gidan lafiya. Abinda zamuyi shine mu cire wancan batir mu saka na litiyom wanda ake kira 18650, mu haɗa masa ɗan bod na caji, wato ƙaramin faifan da aka jera kayan lantarki a kai, yadda zai riƙa shan wuta da cajar waya ko sola.

Kafin komai ka sayi mita, wato ƴar na'urar hannu ta auna wuta da batir. Ni a ganina wanda bashi da mita ba gyara yake ba, canki-canka yake, ya canza wannan ya canza wancan har kuɗin mutane su ƙare. Ba sai mai tsada ba, irin ƴar rawaya ko baƙar nan ta isa, amma ka tabbatar tana da ƙara, wato in ka haɗa bakin wayoyinta biyu tayi ƙiiii. DT830B da ta cika kasuwa bata da wannan ƙarar, DT830D ko DT9205A suna da ita, kuma wlh ƙarar nan rabin aikin ce saboda da ita zaka gane wayar da ta tsinke ta ciki ko makunnin da ya daina haɗawa ba tare da ka ɗago kai ka kalli gilashi ba. Ana samu a Sabon Gari a Kano wajen masu kayan wuta, ko Farm Centre wajen masu kayan gyaran waya. In baka shiga birni ka bawa direban garinku sallahu amma ka rubuta masa lambar a takarda, in ba haka ba duk wadda aka miƙo masa ita zai kawo.

Baƙar waya kullum a ramin da aka rubuta COM take zama. Ja kuma a ramin da ke da alamar V. Akwai rami na uku mai 10A, wannan na auna yawan wutar da abu yake ja ne, kuma nan ne ƴan koyo suke ƙona mita, mutum ya manta jar waya a can sai ya ɗora akan batirin sola, to ka haɗa shot kenan, wayoyin suyi zafi su narke. Duk sanda ka gama da ramin nan ka maida wayar inda take nan take. In batir zaka auna ka murɗa zuwa 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi, mai lanƙwasar layin na wutar NEPA ne da janareto. In kaga alamar ragewa a gaban lambar ba komai, juya wayoyin kayi. Sannan ita kanta mitar tana da batir mai bolt 9 a bayanta, in yayi sanyi sai ta fara ƙarya tana nuna maka lamba sama da gaskiya, da zarar hoton batir ya fito a gilashi ka canza. Ɗanɗana batir da harshe kuma dan Allah a daina.

Sai ayan ɗin liƙi. Mai wat 30 ko 40 yayi daidai, wanda ya wuce haka ɗaga jan ƙarfen bod yake. Matsalar dai wuta. Akwai ayan mai bolt 12 da ake maƙalawa a batirin sola ko na mota, shi ya fi dacewa da mu, in babu kuma ka shirya da mai cajin wayan garinku ka riƙa zama gefensa lokacin da ya tada inji. Tsofaffin masu gyaran rediyo da muke gani a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis da yawansu a garwashi suke gasa ƙarfen liƙinsu kuma aikinsu yana kyau, sai dai su manyan wayoyi da tsofaffin bod suke liƙewa, ɗan bod ɗin da zamuyi aiki dashi bai kai ɗan yatsa ba, zafin garwashi ba'a iya saita shi, taɓawa ɗaya ka kashe shi.

Dalma kuwa kar kayi rowa a nan. Nemi wadda aka rubuta 60/40 mai maganin liƙi a cikinta, siririya 0.8 ko 1. Wajen digiri 190 take narkewa, in mai kyau ce zaka ga ta bazu tana ƙyalli, mara kyau kuwa sai ta dunƙule tana warwatsewa kamar dambu, kayi ta ɗora ayan har abu ya ƙone bata kama ba. Kar ka karɓi ruwan asid ɗin da masu liƙin lagireto da bokiti suke amfani dashi, yana kamawa da sauri amma bayan ƴan watanni zai cinye wayar tayi kore. Kuma dalma guba ce, banda riƙe ta da baki don hannu ya cika, ka wanke hannu da sabulu kafin ka zauna gaban tuwo, kayi aikin a zaure ko gindin bishiya inda hayaƙi zai wuce, yara kuma su matsa. Sauran kaya ƙanana ne, sukundireba mai kan tauraro, filaya, ƴar kota ko farcen yanke ƙumba, salatif baƙi, da buroshin haƙori tsoho don kakkaɓe ƙurar hunturu.

Yanzu batir. Sunan 18650 girmansa ne, kauri milimita 18 tsawo 65. Sababbin da ake sayarwa a kasuwa an rubuta musu 8800 ko 9900mAh, wato yawan cajin da suke ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta, na gasken wanda manyan kamfanoni suke yi iyakarsa wajen 3500, kuma na gaske yana da nauyi kamar giram 45, na bogi in ka ɗaga zaka ji shi sakayau. Shi yasa na fi yarda da tsohon batirin laftof. Masu gyaran kwamfuta a Beirut Road suna da matattu jibge, ƴan jari bola ma suna samu. Mai kaurin nan na tsofaffin laftof zaka nema, na sababbin sirara faffaɗa ne a ciki ba namu bane. Yawanci ƙwaya 6 ne a ciki kuma sau da yawa biyu ne suka mutu suka ja wa sauran. Ka ɓalle robar a hankali ta gefen ɗinki, kar ka zura wuƙa ciki, ka yanke ƙarfen da ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya amma ka bar ɗan guntu a kan kowanne, zai maka amfani anjima.

Auna kowanne. Wanda ya nuna 3 zuwa sama ajiye shi gefen dama. Tsakanin 2.5 da 3 ana iya gwada shi amma ka tsaya a kansa lokacin cajin farko. Wanda ya faɗo ƙasa da haka ka haƙura dashi, ko wani oga yace maka ana tada shi da batirin mashin kar ka biye masa, irinsu ne suke kamawa da wuta. Haka wanda ya lotsa ko yayi tsatsa ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi. Bayan ka cika masu kyan da bod ɗin cajin da zan faɗa a gaba zasu nuna 4.2, rubuta a jikinsu ka ajiye sati guda ka sake aunawa, wanda ya sauko ƙasa da 4 yana yoyo ta ciki. Wani abu da mutane basu sani ba, duk jikin gwangwanin batirin nan negatif ne har zuwa wuyansa, ɗan tsakiyar saman ne kawai fositif, to in rigar robar ta yage ta wajen wuya ƙaramin ƙarfe ma zai haɗa su. Naɗe shi da salatif kafin komai. Kar kuma ka zuba su a aljihu tare da makulli.

Bod ɗin cajin sunansa TP4056. Iri biyu ne, ka sayi mai ramuka huɗu a ƙarshe, B+ da B- da OUT+ da OUT-, shine mai kariya, yana yanke wuta in batir ya kusa ƙarewa tas ko in anyi shot. Mai ramuka biyu caji kawai ya iya. Ka zaɓi mai bakin da ya dace da cajar gidanku.

Buɗe tocilan. Zaka ga ƙarafa biyun da ake tsirawa a soket, daga su waya ta tafi wajen wata kafasita ja ko ruwan ƙasa mai bolt 400 da ƴan dayod. Wannan ɓangaren gaba ɗaya ka yanke shi ka cire, har ƙarafan soket ɗin ka zare su ka toshe ramin. Kar kace bari in barshi ko za'a buƙata. Ranar da baka gida wani zai tsira shi a wuta, shi kuma wancan tsarin bai san tsayawa a 4.2 ba turawa kawai yake, batirin litiyom kuma baya yafe wannan, a ɗaki mai katifa da labule kasan sauran. Kafin ka taɓa kafasitar ka haɗa ƙafafunta biyu da bakin sukundireba mai hannun roba ko da ta riƙe saura.

Kafin ka cire tsohon batir ka duba wace waya ce take kan fulas wace ce kan mainas, ka ɗauki hoto da wayarka. Wayoyin nan biyu da suke tafiya wajen makunni da ƙwayaye su zasu koma OUT+ da OUT-. Sabon batir kuma kansa zuwa B+, gindinsa zuwa B-. Ka auna sau biyu kafin ka liƙa, in ka juya batir a bod ɗin nan hayaƙi ne nan take. Wajen liƙi ka fara shafa dalma a bakin wayar daban, ka shafa a ramin bod daban, sannan ka haɗa su ka taɓa da ayan daƙiƙa biyu uku ka ɗaga, kar ka hura kar ka motsa har ta daskare. A jikin batir kuma kan guntun ƙarfen nan da nace ka bari zaka liƙa, ba kan batirin kansa ba, zafi yana lalata shi ta ciki. In ka samu gidan batir na roba mai sifirin ma ya fi.

Da yake tsohon batirin mai bolt 4 ne, resistocin da ke cikin tocilan, wato ƴan abubuwan da ke rage wa ƙwayaye ƙarfin wuta, yawanci sun dace da sabon. Amma in fitila zaka haɗa taka daga farko, misali a cikin gwangwani ko faifan roba don rataye a shago, to kowace ƙaramar farar ƙwaya tana son wajen bolt 3 da miliamf 20. Cire 3 daga 4.2 saura 1.2, raba da 0.02 ya baka 60, sai ka saka wa kowace ƙwaya resista mai om 68, launinta shuɗi, toka, baƙi. In babu saka mai 100, ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, hasken zai ɗan ragu batir kuma ya daɗe. Ka jera su akan bod mai huji-hujin nan da ake kira bero, ya ishe ka. Masu son su zana nasu bod ɗin, ana yi da farantin jan ƙarfe da maka mara gogewa da ruwan ferik kulorayid a robar da ba za'a ƙara cin abinci a ciki ba, ruwan ya cinye duk inda ba zane. Wasu ma firinta mai hoda suke bugawa a takarda mai santsi su manna da dutsen guga na gawayi. Yana da daɗin koyo amma don fitila ɗaya wahala ce kawai, kuma ruwan baya zubuwa kusa da rijiya ko inda dabbobi suke sha.

Ka gama haɗawa ka danna makunni shiru? Kar ka fara warwarewa, sau da yawa kariyar ce take kulle sai an tsira caja sau ɗaya take buɗewa. Ja ya kama yana caji, shuɗi ko kore ya cika. Bod ɗin amf 1 yake turawa, ƙwayar batirin laftof mai 2200mAh zata ɗauki wajen awa 3, kuma ɗan ayisin, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ke kan bod, yana ɗumi sosai, wannan ba matsala. Batirin ne bai kamata yayi zafi ba, in kaji ya wuce ɗumin jiki cire shi ka fitar dashi waje kan yashi.

Maganar sola, a nan ake asara. Fanel ɗin da ake cewa mai bolt 12, ɗora mita a kansa da tsakar rana zaka ga 21 ko 22, shi kuma TP4056 bolt 5 yake so, ya wuce 8 ya tafi. Sai ka saka LM2596 a tsakani, wani bod ne mai shuɗin akwati da ɗan sukuru a kai. Haɗa fanel ko batirin sola a IN, ɗora mita a OUT, kayi ta murɗa sukurun hagu, zai iya kai zagaye goma ko fi lambar bata motsa ba har kace ya lalace, cigaba dai, zata fara sauka. Ka tsaya a 5 daidai sannan ka haɗa bod ɗin caji, ɗiga ɗan jan farce akan sukurun kar ya motsa.

Ramin cajar kuma ka huda shi a jikin tocilan da ƙusa mai zafi ka gyara da reza, ka kafe bod ɗin da gam ta bayansa sosai don wajen tsira caja ake tura shi ciki. Batirin ka tallafe shi da guntun silifas kar ya riƙa kaɗawa wayoyi su tsinke. Lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40 kar a barshi yana caji a rana ko saman katanga ƙarƙashin kwano, fanel ne ke son rana, a ja waya a ajiye tocilan a inuwa a ƙasa akan siminti.