Shawara ga mai niyyar ziyartar Ise Jingu a Japan

Jama'a, duk wanda tafiya ta kai shi Nagoya, ya ware yini guda don Ise Jingu da ke jihar Mie, wurin bauta mafi daraja a addinin Shinto. Jirgin ƙasa na Kintetsu zai kai ka tashar Iseshi cikin kusan awa ɗaya da rabi. Shiga kyauta ne.

Manyan sassan wurin biyu ne: Geku, wato na waje, da Naiku, wato na ciki. Al'adarsu a fara da Geku, minti 5 a ƙafa daga tasha, sannan a hau bas zuwa Naiku. A Geku ana bin hagun hanya, a Naiku kuwa dama. Kada ka bi tsakiya, sun ce hanyar abin bautarsu ce.

Za ka ga katakon gine-ginen kamar sabo, kada ya ruɗe ka. Duk shekara 20 sukan sake gina ɗakunan a filin da ke gefe, al'adar da ta faro tun shekarar 690. Na baya an yi shi a 2013, na gaba 2033. Ta haka sana'ar sassaƙa take wucewa daga hannun dattawa zuwa yara, abin da ya fi burge ni ke nan.

Babban ɗakin yana bayan shinge, rufinsa kawai za ka hango. Daga matakalar dutsen da ke kaiwa gare shi zuwa sama an hana hoto, masu gadi na tsawatarwa.

Rusunawa sau biyu da tafi sau biyu ibadarsu ce, ba a tilasta wa baƙo. Ka tsaya gefe cikin natsuwa. Ka guji farkon Janairu, cunkoson ya wuce misali.